Bebiya ta Ramukan Gurmatu

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya danne ta da duwatsu, ya raba wa kowace dabba muryarta. Ni ne Nomau, maharbi ɗan maharbi. Karatuna bai yi nisa ba, ba ni kuma da yawan surutu. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, tabonsa yana nan a bayana. Wanda ya yarda, to. Wanda bai yarda ba, ba zan tuɓe masa riga ba.

Lokacin furfura ba ta fito mini ba. Wani falke ya sauka a garinmu, ya ce can bayan arewa, inda ƙasarmu take ƙarewa wata ta fara, akwai karnuka masu girman maraƙi, ubansu kyarkeci, uwarsu karya. Na ce in na samo biyu, babu dajin da zai gagare ni. Na rataya kwari da baka, na fita.

Na ratsa ƙasar da ciyawarta take yanka kamar aska, ba a shiga sai da takalmin katako. Na ratsa wata inda itatuwa suke matsawa gefe in sun ga gatari. Daga nan na iso Kogin Shiru. Kogi ne da ba ya ɗaukar jirgi, ko kara ka jefa nutsewa yake yi. Ana haye shi a bayan wani kunkuru wanda faɗinsa ya kai masussuka. Sharaɗi ɗaya ne, kada a yi magana, domin in ya ji muryar mutum sai ya nutse da kowa. Cikin waɗanda muka hau akwai wani mai sayar da turare, wanda tun a gaɓa bakinsa bai huta ba. Muna tsakiyar ruwa na ga leɓensa yana rawa. Ya hango wani kifi mai gemun akuya, yana so ya nuna mana. Na cusa masa hulata a baki, na zauna a kansa har muka kai gaci. Da muka sauka ya zage ni tas. Sauran suka saya mini abinci.

Bayan kogin nan sanyi ne. Ruwan sama yana sauka fari kamar garin dawa, ya kwanta a ƙasa ya ƙi narkewa. A can na tarar da birnin Gurmatu, a manne a jikin wani dutse da suke kira Dutsen Barci.

Tun ban ga ganuwa ba na ji shi. Kuka ne, dogo, siriri, ɗaya yana saki wani yana ɗauka. Na duba daji, ba daga nan yake ba. Na duba gidaje, ba daga nan yake ba. Sai na ji shi a tafin ƙafata. Daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Na shiga ƙofar gari, na ga ana ciniki, mata suna dariya a bakin rijiya, wani yana aske wani. Babu wanda ya ɗaga kai.

Na sauka a gidan wani mai suna Ƙosau, ina yi masa faskare yana ba ni tuwo, har na kama harshensu. Shi Ƙosau yana cikin masu tsaron ramuka, abin alfahari ne a garin. Ranar da na iya haɗa tambaya, na tambaye shi kukan mene ne.

Ya ce, “Baƙo, zo ka ga abin da ya riƙe garin nan.”

Ya kai ni bayan ganuwa. Fili ne babba, cike da ramuka kamar marina, kowanne da murfin katako mai tsaga. Wari ya buge ni tun daga nesa.

Ya ce, “A ƙarƙashin dutsen nan akwai wani abu yana barci. Tun dutsen yana na kyarketai ya kwanta. Muddin yana jin kukansu, zai ɗauka su ne har yanzu, ba zai motsa ba. Ranar da ya ji shiru zai san mutane sun zo. Ya juya sau ɗaya, birnin ya zube.”

Na ce, “Ka taɓa ganinsa?”

“Allah ya kiyaye! Ai aikinmu ke nan, kada a gan shi.”

“To kyarketai ne a ciki?”

Ya yi dariya. “Kyarkeci zuciya gare shi, in ka sa shi a rami ba ya daɗewa. Kare kuwa ban da haushi me ya iya? Sai ɗan ruwa-biyu. Ya ɗauko muryar uba da haƙurin uwa. Shi ne zai yi shekaru yana kuka bai mutu ba.”

Ya faɗa mini yadda suke yi, yana faɗa kamar mai koya wa mutum dashen albasa. Su ɗaure karya a mashigin dutse, kyarketai su same ta. In ta haihu, a ɗebe ’ya’yan tun ba su buɗe ido ba, a sa kowane a raminsa shi kaɗai. Suna jin juna, ba sa ganin juna har su mutu.

Ya ce, “Kiran juna suke yi. In ka haɗa biyu a rami ɗaya sai su yi shiru. Ka ga an yi asara.”

Muka zo kan wani rami da kukansa ya yi ƙasa. Ƙosau ya karɓi kasko daga hannun abokin aikinsa, cike da garwashi, ya juye ta tsagar murfin. Abin da ya fito daga ramin nan ba zan kwatanta shi ba. Na ji ƙaurin gashi.

Ya ce, “Ka ji ta farka. Wanda aka zuba wa wuta bai amsa ba, ya gama aiki. Sai mu cika ramin da duwatsu.”

“Da shi a ciki?”

“To wa zai shiga ya fito da shi?”

Na kashe dabbobi da yawa. Na yanka barewa tana kallona, na fasa kan gyado da kulki. Ko sau ɗaya abin bai dame ni ba sai ranar nan. Na koma gefe na amayar da tuwon Ƙosau. Ya dafa ni ya ce, “Sanyin garinmu ne bai karɓe ka ba.”

Akwai wata tsohuwa da take yawo tsakanin ramukan kowace safiya, tana jan wani sa mai dogon gashi har ƙasa, da kayan itace a bayansa. Sunanta Ayashe. ’Yan garin sun ce mahaukaciya ce, ba mai kula ta. Washegari ta tare ni a hanyar daji.

Ta ce, “Kai ne mai aman jiya?”

Na ce, “Ni ne, Iya.”

“Kana iya sauka rijiya?”

“Ina iyawa.”

“Akwai wata a ramin ƙarshe, wajen ƙaya. Ta daina kuka. Yau da rana za su zo mata da wuta, kuma na san ba za ta amsa ba. Da ni nake sauka. Yanzu bayana ya ƙi. In za ka zo ka zo, in tambaya za ka yi mini ka koma faskarenka.”

Na bi ta. Gajimare ya sauko har ƙasa, mutum ba ya ganin na gabansa sosai. Muka ture murfin. Ta ɗaura igiya a jikin san, na kama na sauka.

Ƙafata ta nutse a ƙazanta har idon sawu. Da idona ya saba da duhu na gan ta, manne da bango. Tsawonta ya kai na maraƙi, yadda falken ya faɗa, amma fata ce kawai aka shanya a kan ƙashi. Zoben ƙarfen da aka sa mata tun tana ƙarama ya shige cikin naman wuyanta, naman ya rufe shi. Faratanta sun lanƙwashe sun koma cikin tafinta. A ƙasan ramin akwai kwari zagaye, wanda ƙafafunta suka haƙa da kewaya. Na ɗauka za ta yi gurnani. Ba ta yi ba. Ba ta ma san ni wane irin abu ba ne, hannun mutum kawai ta taɓa gani daga sama.

Ina cikin ɗaura mata igiya sai na ji an fizge igiyar ta yi sama. Murfi ya rufe. Na ji muryar Ƙosau.

“Ke mahaukaciya, tashi daga nan! Kullum sai kin zo kin zauna mana a kan aiki?”

Ayashe ta ce, “Yau kun yi sammako, ’yan wuta.”

“Bikin ƙanwata ake yi, so nake in gama da wuri. Kawo kaskon.”

Na gane inda nake. In aka zuba wuta ba a ji kuka ba, duwatsu za su biyo baya, a kanmu mu biyu. In na yi magana da muryar mutum, sun kama ɓarawon rami, kuma na ji abin da suke yi wa irinsa. Na dubi dabbar. Bakinta a rufe yake, idonta a bango. Wannan ko an ƙone ta ƙurmus ba za ta ce uffan ba.

Na kwanta a kanta, na rufe ta da jikina.

Wutar ta sauka tsakanin kafaɗuna. Na iya kwaikwayon kukan dabbobi, sana’ata ce. Amma abin da ya fita daga bakina ranar nan ba kwaikwayo ba ne. Na ɗaga kai na sake shi, dogo, har sauran ramukan suka ɗauka.

Na ji Ƙosau ya ce, “Ka ji ja’ira! Ashe lafiyarta lau. Amma muryarta ta lalace, kamar ta tsohon jaki.”

Abokinsa ya ce, “Mura ce. Mu je, za a cinye naman biki ba mu.”

Da sawunsu ya ɓace, Ayashe ta sako igiya. San ya ja dabbar, sannan ya ja ni. Muka kwantar da ita a bayansa, muka lulluɓe da buhu, muka jera itace a kai, muka mayar da murfin. Ayashe ta ɗebi farin abin nan mai sanyi ta danna mini a ƙunar, ta ce, “Gobe za su zuba wuta su ji shiru, su binne ramin wofi. Ba sa leƙawa. Ba su taɓa leƙawa ba.”

Gidanta yana cikin wani kwari a bayan dutsen, inda ruwan zafi yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ciyawa kore a tsakiyar sanyi. Ta kewaye wurin da katangar dutse, ta raba shi gida-gida. Da muka shiga na tsaya ina kallo. ’Yan ruwa-biyu ne ko’ina, manya, masu idon rawaya, wasu kwance a kan juna, wasu suna shan ruwa. Wani ba shi da kunne. Wani bayansa duk tabo ne, gashi bai sake fitowa ba. Wani yana tsakiyar fili, fili har ya ishi doki sukuwa, amma yana ta kewaya wuri ɗaya daidai faɗin rami.

Na ce, “Me ya sa ba ki sake su daji ba?”

Ta ce, “Na taɓa sakin ɗaya. Kyarketai suka ji warin kare a jikinsa, suka yayyaga shi. Na kai wani ƙauye, mutane suka ga idon kyarkeci, suka jefe shi. Gidan uba an kore su, gidan uwa an kore su. Nan ne kawai.”

Na raɗa wa wadda muka ciro suna Bebiya. Ayashe ta ba ta wani abu ta yi barci, muka yanke zoben, muka gyara faratan. Wannan shi ne mai sauƙin.

Sama ita ce abin da ta fi tsoro. In ta ɗaga kai ta ga babu murfi sai ta faɗi tana makyarkyata. Muka yi mata rumfar tabarma mai duhu, Ayashe tana zare kara ɗaya ɗaya daga rufin a hankali, haske yana ƙaruwa ba ta sani ba. Ayashe ta hana ni duk abin da na sani game da kare. Kada in yi mata fito. Kada in tsaya a kanta. Kada in kalli idonta. Kada in miƙa hannu, domin hannu a wurinta wuta ne. In zauna a ƙasa, in ba ta gefena, in yi harkar gabana.

Ta ce, “Shiru kake so, ga shi ka samu. Zauna.”

Na zauna. Ina sassaƙa kibau, ina gyaran takalmi. Nama kuwa ba ta taɓa shi in Ayashe ce a wurin, ko in babu kowa. Sai in ina zaune, ta jawo shi da sauri ta koma lungu.

Ayashe ta ce, “Warinka ta sani. Kai ne abu na farko mai ɗumi da ya taɓa jikinta tun da aka raba ta da uwa. Sai ta yarda da kai za ta yarda da ’yan’uwanta. Ka kula.”

Sanyi ya fara ja da baya. Haƙarƙarin Bebiya ya rufe. Ta koyi tafiya miƙe, tana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau. Kullum tana rage nisan da ke tsakaninmu. Wata rana ta shinshina takalmina ta gudu. Wata rana ta kwanta har ina jin numfashinta a gwiwar hannuna.

Sai wata hantsi, ina zaune ina ɗaure kan kibiya, ta taso ta zo gabana. Ta sauke kunnuwa, ta sunkuyar da kai, wutsiya tana kaɗawa ƙasa-ƙasa. Ban ankara ba na ji harshenta a leɓena, tana tura shi tana neman haƙorana.

Ku da kuke saurarona kun san garinmu. Kare ko ƙwarya ya lasa sai an wanke ta da ƙasa. Na yi farauta da karnuka tun ina yaro, babu wanda ya taɓa kai bakinsa fuskata. Jikina ne ya yi aiki kafin hankalina. Na ture ta da hannu biyu, na miƙe tsaye a kanta, na ce, “Tir!” Na tofar da yawu. Na ɗebi ƙasa na goge bakina, na ruga wurin ruwa ina kurkurewa.

Da na juyo ba ta nan. Ta shige lungun katanga tana haƙa. Ta haƙa har ta ɓace, ta kwanta a ciki, fuskarta a bango.

Ayashe ta ga komai daga inda take shanya ganye. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba.

Ta ce, “Me ka yi? Kai, me ka yi?”

“Bakina ta lasa, Iya.”

“To sai me? Haka ɗan kyarkeci yake gaida babbansa. Ya lashi bakinsa, yana cewa ni naka ne. Ita ba ta taɓa ganin nata ba, babu wanda ya koya mata. A jininta ta tsinto shi, ta kawo maka. Ka tofar!”

“Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“Ina na san akwai ƙasar da ake gudun wannan?”

Na ce, “Da bakin nan nake salla.”

Ta ce, “Ruwa ya ƙare a duniya?”

Na juya na nufi lungun da Bebiya take.

Bebiya ta daina ci. Na ajiye mata hanta, ƙudaje suka cinye. Na harbo mata zomo da ɗuminsa, ba ta juyo ba. Ruwa ma sai in Ayashe ta ɗiga mata da tsumma. Naman da muka sha wahala muka mayar mata ya fara zubewa, ƙashin ƙugunta ya sake fitowa. Ayashe ta kawo wani tsohon namiji mai sanyin hali daga cikin ’yan ruwa-biyun ta sa a kusa, ko za ta kula shi. Ya shinshina bakin ramin, ya yi ɗan kuka a maƙogwaro, ya tafi.

Ayashe ta ce, “Na ga irin wannan. In suka haƙa da kansu, ba sa fitowa. Wancan ramin ka ciro ta da igiya. Wannan babu igiyarsa.”

Na ce, “Akwai abin da zan yi?”

“Ban sani ba. Ba a taɓa yi mini irin ɓarnarka ba.”

Da gari ya waye na ajiye kwari da baka a waje, na tuɓe hula. Na shiga da rarrafe. Na kwanta a bakin raminta, kumatuna a ƙasa, kaina ƙasa da nata, hannuwana a ƙarƙashin cikina inda ba za ta gan su ba. Na rufe ido. Na haɗe haƙora, na buɗe leɓe, kamar gawar da aka manta ba a rufe wa baki ba. Ranar nan ba ta motsa ba. Washegari na koma. Na ci gaba da komawa. Tururuwa suka bi ta wuyana, ƙasa ta shiga haƙorana, ƙunar bayana ta tsage ta fara ruwa. Ina jin numfashinta yana ƙara gajarta.

Ranar da ta motsa, na ɗauka mutuwa ce take shure-shurenta. Na ji ƙasa tana zubowa. Na ji ta faɗi, ta sake tashi. Sai numfashi a kan fuskata, mai zafi, mai ɗoyi. Ta daɗe a haka. Na san in ta ga dama, cizo ɗaya ya ishe ta ta cire mini fuska, kuma ba zan ce ta zalunce ni ba.

Harshen ya taɓa leɓena sau ɗaya, ya janye. Tana jira ta ga ko zan tashi. Ban motsa ba. Ya dawo, busasshe kamar fatar da aka jeme, ya bi haƙorana na sama, ya bi na ƙasa, ya bi dasashi. Wani siririn sauti yana fita daga hancinta, irin na ɗan kwikwiyo. Shi ne na farko da na taɓa ji daga gare ta.

Da ta gama, ta tsallake ni da ƙyar, ta je wurin da naman yake. Na buɗe ido ɗaya. Ta ɗauki tsoka, ba ta gudu lungu da ita ba. Ta jawo ta har jikina, ta kwanta ta jingina da haƙarƙarina, ta fara ci.

Ayashe ta zo bakin katanga a hankali, da ƙwarya a hannunta. Idonta ya yi ja.

Ta ce ƙasa-ƙasa, “Maharbi, ga ruwan.”

Yawun yana bushewa a gemuna, ina jin warinsa har cikin kaina. Na dubi Bebiya. Tana tauna, amma idonta ɗaya yana kaina.

Na ce, “Ajiye shi can, Iya. Tana kallo.”

Nan bakina ya tsaya. Wanda ya ji, ya ji.